Ranar da Kati Ya Zama Sarkin Yaƙi

Sharhinmu na yau kan wasa ne. Na san akwai dattijon da zai ji haka ya kai hannu zai murɗa rediyo. Baba, a ɗan dakata, don har da kai a cikin zancen.

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, daga Birnin Kudu da Babaldu zuwa Gwaram, har Sara da Fagam da Farin Dutse da Basirka, ya san yadda rani yake. Da an kai gero da dawa rumbu, an sayar da ɗan riɗin da aka samu, sai lokaci ya yi wa mutane yawa. Masu tafiya cirani su tafi, waɗanda suka rage su nemi inuwa. A inuwar nan kuwa wasannin zaune da muka fi sani uku ne: dara, lido, da karta.

Dara ita ce uwa. Ramuka 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsakuwa wancan ya karya kara. A fara zubi har 'ya'ya su ƙare, sannan a shiga tafiya gida ɗaya ɗaya, wanda ya jera uku ya cire wa abokinsa ɗa. Babu sa'a ko ta anini a cikinta. Komai a fili yake, abin da kake gani shi abokin karawarka yake gani, sai dai wani ya fi wani hangen nesa. Wannan shi ne darajarta, kuma shi ne ya sa ta zama wasan manya maza. Yaro ɗan shekara 10 ba zai ci gwanin dara ba, ko da za su kwana suna yi. Zai sha kashi sau biyu sau uku, ya tashi ya kakkaɓe wando, shi ke nan an rabu. Ga kuma inda ake yin ta: gindin bishiya, bakin kasuwa, ƙofar fada. Iyayenmu mata da 'yan mata ba su da wurin zama a can.

Lido kuwa ta shiga har tsakar gida. Asalinta wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista a 1896, ya bi 'yan kasuwa ya iso mu. Amarya da ƙannen miji, kaka da jikoki, kowa na iya zama. Amma a gaya wa juna gaskiya, wace dabara ce a lido? Ka kaɗa ƙwaya a gwangwani, ka roƙi shida. In ta zo ka fito, in ba ta zo ba ka zauna kana kallon mutane suna zagaye. Akwai ɗan zaɓi, ko ka fito da sabon ɗa ko ka tura na gaba, amma mafi yawan aikin ƙwayar ce ke yi.

Sai Whot, wadda yaranmu da yawa suka ɗauka a Najeriya aka ƙirƙiro ta. A Ingila ne, wani mai suna William Henry Storey ya yi mata rajista a 1935, amma a can an kusa mantawa da ita, mu ne muka riƙe ta muka ƙara mata gishiri. Kati 54, da'ira da kuros da tauraro da sauransu. Ka wuce ɗakin samari da dare ka ji ana "fik tu", ana "janar maket", wani ya buga ƙasa ya ce "las kad". Whot tana da abin da dara ba ta da shi, wato ɓoyo. Ba ka san abin da ke hannun na kusa da kai ba, shi ma bai san naka ba. Sai dai ba ta da fili, ba ta da gaba da baya, ba inda za ka ja da baya ka yi kwanton ɓauna.

To akwai wani nau'in wasa da ya bunƙasa a Turai da Amurka, wanda ya haɗa filin dara da ɓoyon karta wuri guda. Ana shimfiɗa allo mai zanen fili, ga tudu, ga kogi, ga kurmi. A jera 'yan ƙananan mutum-mutumi, tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba, kowane ɓangare da 'yan mayaƙansa kaɗan. Arangama ce ta 'yan tsiraru, wadda ake gamawa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Kowane ɗan wasa yana riƙe da kati a hannu, kuma mayaƙinka ba zai motsa ko ya kai sara ba sai da izinin katin da ka ajiye. Kana ganin inda ya kamata ka kai hari ƙuru-ƙuru, amma in ba ka da katin, sai haƙuri da wata dabarar.

Tushen abin daga sojoji ne. A 1824 wani hafsan sojan Farusiya ta ƙasar Jamus, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasa da ake yi a kan taswira da 'yan gutsattsarin ƙarfe, aka karɓe shi don horar da hafsoshi. Da Farusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1871 sai sauran ƙasashe suka kwaikwaya. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da ɗan littafi mai suna Little Wars, ya tsara yadda za a yi yaƙi da sojojin wasan yara a tsakar ɗaki. Daga nan abin ya koma hannun farar hula, amma ya daɗe yana da nauyi: littafin dokoki mai kauri, ma'auni, lissafi, wasa ɗaya ya cinye yini. Shigowar kati ce ta rage masa kaya har ya iya shiga gidan mai iyali.

Ku ɗauki Memoir '44, wanda Richard Borg ya tsara, kamfanin Days of Wonder ya fitar a 2004, lokacin cika shekara 60 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. An raba allon gida uku: hagu, tsakiya, dama. Kati ɗaya zai ce motsa runduna biyu a hagu, wani ya ce uku a tsakiya. Sai ka ga abokin gaba ya danno ta damanka, ka duba hannunka ka tarar duk katunan na hagu ne. Mutanenka na dama suna nan tsaye ana cin su, kai kuma ba yadda za ka yi. Wanda bai saba ba zai ce wannan zalunci ne. Amma a tambayi masana tarihi, haka yaƙi yake. Madaki ya tura ɗan aike, ɗan aike bai isa ba, ko ya isa bayan an gama. Borg ya ɗauki wannan ruɗanin na fagen fama ya mai da shi 'yar takarda a hannunka. Aibinsa a wurinmu shi ne har yanzu ana jefa ƙwaya a cikinsa don a san ko harbi ya samu. Zan dawo kan wannan.

Wanda ya fi burge ni shi ne Unmatched, na kamfanin Restoration Games, da ya fito a 2019. A nan babu ƙwaya sam. Kowa ya zaɓi jarumi ɗaya da mataimakinsa, kuma kowane jarumi yana da nasa kati 30 da ba irin na kowa ba. A akwatin farko akwai Sarki Arthur na tatsuniyar Ingila, da Medusa ta Girka, da Alice ta labarin yara, da kuma wani da ba baƙo ba ne a wurinmu, Sinbad matuƙin jirgin ruwa na Dare Dubu da Ɗaya. Daga baya har Bruce Lee aka yi wa nasa. Yadda ake karawa kuwa: mai kai hari ya kifa kati, mai karewa shi ma ya kifa nasa in ya ga dama, a buɗe tare. In na hari ya nuna 5, na kariya ya nuna 3, an yi wa mai karewa rauni 2. To kafin a buɗe ɗin nan ne wasan yake. Wannan da ya kifa, babban sara ne ko ruɗi ne don in ɓarar da garkuwata mai kyau? In na kare yanzu, da me zan kare anjima? Sannan katin yana ƙarewa, kuma wanda nasa ya ƙare, duk sanda ya zo jan kati bai samu ba, sai jaruminsa ya raunana da kansa. Ba za ka yi ta gudu kana zagaye allo har abada ba.

Dubi yadda aka yi wa Sinbad. An ba shi katunan tafiye-tafiyensa, kowace tafiya ya yi tana ƙara wa ta gaba ƙarfi. A farkon wasa ba shi da wani abin tsoro, in ka bar shi ya daɗe kuwa, ya fi ƙarfinka. Ba a rubuta maka labarinsa ba, amma kana wasa da shi za ka ji halinsa a hannunka.

Akwai kuma Undaunted: Normandy, shi ma na 2019, wanda David Thompson da Trevor Benjamin suka tsara. Shi ba mutum-mutumi, 'yan faya-fayan kwali ne. In an harbi sojanka sai a cire katinsa daga tarin naka gaba ɗaya, ka ga hannunka na ta ramewa. Har da wasu katunan hazo, marasa amfani, da ke cushe maka hannu duk sanda ka tura 'yan leƙen asiri wurin da ba ka sani ba.

Me ya sa na ɗauko wannan zance a gidan rediyon da masu sauraronsa yawanci manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa? Saboda irin wannan wasa ne kaɗai na sani da uba zai zauna da 'yarsa 'yar aji biyar, ya yi iya ƙoƙarinsa ba tare da ya sassauta mata ba, kuma wani lokaci ta cinye shi. Gwaninta tana da rana, wanda ya fi iya lissafi zai fi yawan ci. Amma kati yakan juya wa gwani baya, ya ba ƙarami dama, kuma in damar ta zo sai ƙaramin ya yi tunani kafin ya amfana da ita. A dara yaro ba ya samun damar, a lido kuwa damar ba ta neman tunaninsa. Ga karatu a ciki ba tare da an ce masa zo ka yi karatu ba: dole ya karanta abin da ke jikin kati, ya ɗebe 3 daga 5, ya tuna katunan da suka riga suka fita. Malaman firamare sun san irin wahalar da ake sha kafin yaro ya yarda ya karanta layi ɗaya don ra'in kansa.

Yanzu sai babbar magana, wadda na san tun ɗazu tana bakin wasu. Allah gafarta Malam zai ce, karta fa? Da mutum-mutumi? A gidan Musulmi? Tambaya ce mai nauyi kuma ba ta wasa ba ce. Akwai ingantaccen hadisi a Sahihu Muslim mai kakkausan hani kan nardu, wasan da ake yi da jefa ƙwaya. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana nardu da shaɗaranji duka. Malaman Shafi'iyya sun sassauta kan shaɗaranji in babu kuɗi a ciki kuma bai shagaltar daga salla ba. Fatawa ta malamai ce, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da zan ce a matsayina na mai sharhi shi ne, sunan da karta ta ɓata a ƙasar Hausa caca ce ta ɓata shi. Mun ga wanda ya sayar da amfanin gona ya kai gindin karta, ya koma gida hannu rabbana. Yau ma cacar ta bar tabarma ta koma cikin waya da shagunan ƙwallo, inda ba mai ganin yaro balle ya tsawata masa. Wasan da nake magana a kai dogo ne, mai surutu, ana yin sa a gaban uwa da uba, kuma ɗan caca ba ya son abin da zai ɗauki rabin awa kafin a san wanda ya ci. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da jefa ƙwaya ba, ga nau'in da babu ita.

Batun siffa kuwa, an ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana tana ƙarama, har da doki mai fukafukai kamar yadda ya zo a Sunan Abi Dawud, kuma da wannan ne malamai da yawa suka yi rangwame kan kayan wasan yara. Wanda bai gamsu ba, akwai hanyar da masassaƙan ƙasashen Musulmi suka bi ɗaruruwan shekaru: 'ya'yan shaɗaranjinsu ba fuska, ba ido, dunƙule ne kawai, wannan da ƙusumbi ɗaya wancan da biyu, kowa ya gane doki ya gane giwa. Wasan bai rasa komai ba.

To a ina za a samu? A nan ne zan ba wasu haushi, don ba na ba kowa shawarar ya yi odar waɗannan akwatuna. Farashin guda ɗaya da dala ne, kuma ba kaɗan ba, ban da kuɗin kawowa. Mai gida a Fagam ya lissafa wannan da naira ya ga buhu nawa ne na gero. Ko an ba ka kyauta ma, rubutun Turanci ne, labarin kuma na gaɓar Nomandi ne da Sarki Arthur, waɗanda ba su haɗa komai da yaronka ba. Dabarar ita ce abin ɗauka, kuma dabara ba a biya mata kuɗin kwastan.

Kayan aiki kuwa muna da su har sun yi yawa. Wane yaro ne a karkarar nan bai taɓa gina sa da doki da yumɓu ba, ya sa masa ƙaho da ƙaya, ya shanya a rana? Wa bai ga motar kara ba? Mutanen da suka zana shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, zanen da masu bincike suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, a ƙasar nan suka zauna. Turawa masu wannan sha'awa suna sayen mutum-mutumin roba da tsada, su kwana suna shafa musu fenti da ɗan siririn buroshi, a wurinsu rabin daɗin ke nan. Mu yaranmu su ne masana'antar. Kati kuwa, kwalin taliya ko na sabulu da almakashi sun isa a fara. In abu ya kankama, masu buga katin biki da kalandar 'yan siyasa suna nan a Birnin Kudu da Dutse da Kano. Allo ma ba sai an saya ba, gidajen dara 30 ɗin nan a zana su a bayan buhu, a ɗora dutse nan a ce tsauni ne, a ja shuɗin layi can a ce rafi ne.

Abin da ya rage shi ne mai zama ya tsara doka. Bari in ba da misali, wanda ya ga zai iya ya ɗauka, ban riƙe ba. Gizo da Kura. Kura ƙarfinta 14, Gizo 8. Kowa da kati 20, a riƙe 5 a hannu. Katunan Kura manya ne, cizo 5, wawura 4, amma a cikinsu a sa mata katin kwaɗayi guda uku: duk sanda ta jawo shi, dole ta bar abin da take yi ta nufi gidan da aka ajiye ƙashi, ko da Gizo na gabanta saura ƙiris. Gizo kuwa saransa bai wuce 2 ba, sai dai yana da katin hawa sama, wanda ke mai da kowane hari banza, da katin daɗin baki, wanda zai sa Kura ta buɗe masa hannunta ya zaɓi ɗaya ya jefar. A ba shi Ƙoƙi ta zama mataimakiya, ba ta faɗa, amma in tana kusa da shi yana jan kati biyu maimakon ɗaya. Shi ma a sa masa nasa aibin, don mun san shi: katin haɗama, in ya ga ƙashin nan shi ma sai ya tsaya. Yanzu ka zauna a matsayin Kura. Ka matse Gizo a lungu, kana da cizo 5. Ka sake shi yanzu, alhali wataƙila yana riƙe da hawa sama? Ko ka fara da ƙaramin yaƙushi ka sa ya ɓarar da shi? In ka jinkirta kuma, kwaɗayi na iya fitowa a ja na gaba. Yarinyar da ta ji tatsuniya a bakin kakarta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani, ta riga ta san waye Gizo.

Daga nan sai a ƙara Zaki, da Dila malamin daji, da Bushiya wadda duk ya sare ta shi ma sai ya ji ciwo, da Botorami. Ko a bar tatsuniya a ɗauko abin da manoman gefen duwatsu suka sani: birai da masu gadin gona. Birai 6 su sauko, yara 2 da kare su tare, in birai sun kwashe zangarniya 5 kafin katin rana ya ƙare sun ci. A rubuta katin da boko da ajami, a sa masa zane babba yadda Inna da ba ta yi makaranta ba za ta gane da kallo ɗaya, kamar dai yadda ba wanda ya taɓa bukatar Turanci kafin ya buga Whot.

Wani zai ce, ga tarihin yaƙi na gaske a ƙofar gida, me ya kai mu ga Gizo? Gaskiya ne. A ƙarni na 19 ƙasar Birnin Kudu da Gwaram bakin iyaka ce ta masarautar Kano. Wajen tsakiyar ƙarnin Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa kan rikicin haraji, suka shiga duwatsun Ningi, kuma daga can aka shafe shekaru da dama ana kai wa juna hari tsakaninsu da Kano, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi da shugaban Ningawa Ɗan Maje. Rikicin bai lafa ba sai zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20. Yaƙi ne na sari-ka-noƙe, 'yan baka a kan dutse, barade a fili, gari a bayan ganuwa. Mai tsara wasa ba zai samu abin da ya fi wannan dacewa ba, doki ya fi ƙarfi a sarari, ya zama kaya a cikin duwatsu.

Duk da haka ni ba zan fara da shi ba. A waccan rigima an kama mutane an bautar, ta kowane ɓangare, kuma jikokin waɗanda suka kama da na waɗanda aka kama yau kasuwa ɗaya suke ci a Sara da Babaldu, sun yi auratayya, suna tsokanar juna ana dariya. Wasan da zai sa yaro ya yi tsalle yana murnar ya kame Ningawa uku, ko Kanawa uku, zai iya tono abin da zumunci ya binne. In har za a yi, a yi shi yadda kowane ɓangare ke da mutuncinsa da dabararsa, kuma a auna nasara da wani abu daban: ka shigar da garke da masu noma cikin ganuwa kafin a rufe ƙofa, ko ka kai saƙo daga wannan gari zuwa wancan. A kuma zauna da masu tarihi na Ningi da na nan kafin a buga kati ko ɗaya.

Kada a ɗauka wannan mafarki ne. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, da ke tsara wasannin allo da na kati ya kuma buga su a cikin Najeriya. Tun 2016 yake shirya taron masu wasannin allo na Afirka, kuma a 2021 kamfanin ya samu kyautar Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya. Ɗan ƙasar nan ne, da takardar ƙasar nan da injin ƙasar nan. Kasuwar masu jin Hausa kuwa, daga nan har Maraɗi da Damagaram, ba ƙarama ba ce.

Ga masu niyya, musamman malaman makaranta da ɗaliban sakandare da ke zaune a gida lokacin hutu, wahalar ba a zane take ba, a gwaji take. Lambobin da na ba Kura da Gizo ɗazu na fara ne kawai. Sai an buga an sake bugawa, ana rubuta wanda ya ci. In Kura ce ke ci kullum, a rage mata cizo ko a ƙara mata kwaɗayi. A ba mutanen da ba su san ka ba su buga kana gefe ka yi shiru, duk inda suka tsaya suna gardama, dokarka ce ba ta fito ba. Dokar kuma kada ta wuce shafi ɗaya.

Sai ɗan abin da masu buga kati za su kiyaye. Gidajenmu akwai ƙura, akwai damina, akwai akuya, akwai ƙanin da ke kai komai baki. A yi wa katin rufin leda, a ɗinka masa 'yar jaka ta yadi maimakon kwali. Bayan katunan duka ya zama iri ɗaya sak, don da ɗaya ya yi tabo an gane shi, ɓoyo ya ƙare. Kuma a riƙa sayar da kati ɗai-ɗai, yadda in hawa saman Gizo ya ɓace ba sai an sake sayen wasan gaba ɗaya ba.

Nan za mu dakata.